Ɗan Cacan Inna

Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna, saboda haka tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Haka ake yi a ƙasarmu ta Maradun, uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiransa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, in tana da magana sai ta aika. "A ce wa wancan tuwo ya yi." To, ni ne wancan. Ƙanena kuwa, wanda ta samu bayan ta binne waɗanda ke tsakaninmu, sunansa na yanka ma bai ishe ta ba, sai da ta ƙara masa na shagwaɓa. Kada wani ya zo yana yi mini bayanin al'ada, na san ta, ni ma na yi wa ɗiyata ta fari. Amma sanin al'ada bai taɓa hana ƙirjina zafi ba idan na ga Inna ta ɗora hannu a kan yaron nan. Abin da na nema a duniya bai taka kara ya karya ba: abu ɗaya tak daga wurin Inna da za a ce nawa ne ni kaɗai. Ɗan caca ne ya tsaya tsakanina da shi.

Babanmu ya riga ya rasu lokacin da aikin dam ɗin Bakolori ya zo. Turawan Italiya suka sauka da katafila da tifa, aka tare gulbi, ruwa ya taso ya haɗiye fadamarmu da tsamiyar da muke sheƙa a ƙarƙashinta. Aka kwashe mu zuwa tudu, ƙasa duk tsakuwa, ni da Inna da ƙanena da Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda zawarci ya dawo da ita gidanmu. Noma ya tsaya, ciki bai tsaya ba. Sai na ja ƙanena muka je aka ɗauke mu lebura tare a rana ɗaya, muna sauke siminti, muna zuba kankare a magudanan da aka ja daga dam zuwa gonakin Talata Mafara da Bakura.

Ni na yi shekaru a aikin nan, har siminti ya cinye mini fatar kafaɗa. Shi albashin farko kawai ya jira. Da aka biya mu ya dubi hannuwansa, ya dubi heluma, shugaban leburori, ya ce shi kam ya gode, Allah ya ba da lada. Washegari aka ce an gan shi a bayan tashar Mafara, cikin direbobi, ana karta.

Na ɗauka mako ba zai cika ba zai dawo tsirara, har na tanadi abin da zan faɗa masa. Ban samu damar faɗa ba. Direbobin tasha ya fara ci, sannan makanikan kamfani, har wani Bature mai gyaran injuna ya ji labarinsa ya ja shi kwatas ɗinsu, ya koya masa irin tasu kartar da suke kira foka. Wasan ba wuya a baki. A ba kowa kati biyar ya ɓoye, a yi ta zuba kuɗi a tsakiya, wanda ya ji tsoro ya ajiye nasa ya fita, waɗanda suka rage a buɗe a ga mai rinjaye. Mutum yana iya cin kowa ba tare da riƙe komai ba, muddin ya sa sauran suka tsorata. Wato burga ce aka mayar sana'a. Baturen da ya koya masa bai daɗe ba ya daina zama da shi.

Mutanen gari suka ce laya gare shi, wasu suka ce wani malami a Damri ya yi masa aiki. Ƙarya ce. Ni da na kwana ɗaki ɗaya da shi na san ba shi da ko zare a damtse. Abin da yake da shi ido ne, da haƙurin tsiya. Ranar Talata sai ya tafi kara, inda ake cinikin shanu, ya nemi inuwa ya zauna tun hantsi har la'asar ba ya sayen ko akuya, yana kallon yadda dillali ke rantsuwa, da yadda Bafillace ke juya baya kamar ya tafi alhali bai tafi ba. Ranar wasa ba ya cin tuwo, sai fura kaɗan. Ba ya cin goro, wai muƙamuƙi yana tona asirin mutum. In ransa a ɓace yake ba ya zama, ko da an aiko mota. Hannuwan nan kuwa, wayyo! Safe da yamma sai ya shafa musu man kaɗanya, ya yanke farce, ba ya ɗaukar ko bokitin ruwa. Hannun amarya ma ya fi nasa ganin wahala.

Sau ɗaya na ga wasan da idona. Matata ta haifi ɗanmu namiji, Inna ta ce, ta bakin Gwaggo, wancan ya je ya gaya wa ƙanensa ranar suna. Ka ji fa, ni da haihuwa, ni da aike. Ranar Lahadi ce da rana tsaka, na same su a wata rumfa bayan kantin kwatas, fanka tana juyawa a sama. Akwai Bature jajir kamar an gasa shi, akwai wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, mai sayar da kayan gyaran mota, akwai wani Alhaji ɗan kwangila daga Gusau da ke kawo wa kamfani tsakuwa. Ga ƙanena cikin farar kaftani ko ɗigon gumi babu. Ni kuma ina tsaye bakin rumfa da wandon aiki, ƙafa fururu, mai gadi yana harara ta.

Bature ya ajiye katinsa, Kwara ya ajiye, ya rage Alhaji da ƙanena. Alhaji ya tura tulin kuɗin da ni ban taɓa ganin irinsa a wuri ɗaya ba. Ƙanena bai ko sake duba katinsa ba, ya tura duk abin da ke gabansa, ya kwance agogo ya ɗora a kai, ya naɗe hannu yana kallon fanka. Alhaji ya yi ta gumi, ya cire hula ya mayar, ya yi salati, daga ƙarshe ya wurgar da katin yana cewa yaron nan ba mutum ba ne. Ƙanena ya jawo tulin gabansa, ya mayar da agogonsa.

Da ya rako ni waje na kasa haƙuri.

"Mi kake riƙe da shi haka?"

"Ba komi, Yaya. Tarkace."

"Tarkace ka aza wa agogonka?"

"Awo. Tun da aka raba Alhaji ke taɓa aljihun da makullin motarsa yake. Tunanin abin da zai rasa yake yi. Ai ba kati nike kallo ba, mutane nike kallo." Ya yi ɗan murmushin nan nasa da ke sa ni jin kamar in kwaɗa masa mari. "Kai ma in ka ji haushi, hula kake turawa ƙeya."

Na kai hannu. Wallahi hulata tana can ƙeya. Na gyara ta, na faɗi saƙon suna a tsaitsaye, na kama hanya a ƙasa, shi kuma ya koma inuwa.

Daga nan abin nasa ya yi ta gaba. Babur, sannan farar mota. Mafara ta yi masa kaɗan, sai Gusau, sai Sakkwato, sai Kaduna, har Ikko aka ce ana aiko masa. Ba kullum yake ci ba, kada in yi masa ƙarya. Akwai lokacin da ya sauko daga bayan motar itace ba agogo ba takalmi, ya kwanta a zaurena yana ta barci, na ce alhamdu lillahi, yau dai duniya ta yi masa karatu. Kafin damina ta fita ya dawo da wata motar da ta fi ta farko. Abu ɗaya na san bai yi ba: da aka biya mutanenmu diyyar gonaki, 'yan karta suka yi musu caa, shi bai zauna da ko ɗaya ba. Na tambaye shi ko tsoron Allah ne ya kama shi. Ya ce a'a, manomi in an ci shi kuka yake yi, shi kuma ba ya son kuka.

Inna ba ta taɓa cin ƙwayar hatsinsa ba. Zai zo da buhun shinkafa, da atamfa, da sukari, a jibge a tsakar gida. Sai ta fito ta dube su, ta ce, "Allah shi shirya min kai. Kwashe." Ko sukarinsa ba ta yarda ya shiga kokonta ba. Ni nake ciyar da gidan, da kuɗin siminti, daga baya kuma da ɗan filin noman rani da aka ba ni wajen Bakura. Kowa ya san haka, har liman ya taɓa yaba mini a bainar jama'a. To amma da an kwashe kayan, sai ta jawo shi kan tabarmarta, ta ɗauko ƙwaryar da ba mai taɓawa sai shi, ta dama masa fura da hannunta, tana tambayarsa ko yana cin abinci a can, don ta ga ya rame. Ya rame! Mutumin da wuyansa ya yi taiɓa. Nonon da ake dama masa furar nan kuma da kuɗina aka saye shi. Ni kuwa in na shigo da gaisuwa sai ta ja mayafi ta juya fuska bango, ta amsa a gajarce, "Lahiya lau."

Na sha gaya wa Gwaggo abin yana ci mini rai. Takan ce, "Kai, ji ƙato da kishin ƙane! Ba ka jin kunya?" Ina ji mana. Kunyar ba ta rage komai ba.

A shekarar da kamfani ya fara sallamar mutane, Inna ta kwanta. Ba wani ciwo mai suna ba, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Tsofaffinmu ba sa tsoron maganar mutuwa, da yawa sukan tanadi likkafaninsu a ajiye a ƙasan adaka, kuma kowa ya san ba a yin sa sai da kuɗin da babu shakka a kansu. Da na tuna wannan sai na ji wani sanyi a raina, Allah ya yafe mini. Na ce to, ga abu ɗaya da mai farar mota ba zai iya ba. Duk kuɗinsa ba za su sayi taƙi ɗaya na abin da za a naɗe Inna da shi ba. Wannan nawa ne.

Da na sayar da shinkafar kaka na tafi kasuwar Talata, na wuce masu akoko, yadin talaka, ban ko kalle su ba, na je wurin mai alawayyo, farin yadi mai laushi, na ce a yanko mini mafi kyau. Ban yi ciniki ba, ni da nake ciniki a kan barkono. Na kawo na ba Gwaggo ta shigar wa Inna, na tsaya a bakin ƙofa inda zan ji.

Gwaggo ta miƙa mata. Sannan na ji muryar Inna.

"Yadi ya yi kyau. Allah shi yi albarka. A ce wa wancan shi adana abinsa. Na autana nike jira."

Gwaggo ta ce, "Haba ke kuwa! Da wane kuɗin?"

"Da na guminsa. Ba kyauta ba, ba rance ba. In ya kawo, a sa ni ciki. In bai kawo ba, ku yi yadda kuka ga dama, ba ni nan."

Gwaggo ta fito ta miƙo mini yadin ba ta dube ni ba. Na karɓa. Ban san inda na bi na isa gida ba, na dai tsinci kaina ina cusa shi a ƙasan akwati, matata tana tambayata lafiya, ina ce mata ta rabu da ni.

Aka aika wa ƙanena ya zo. Ya shiga wurin Inna ya daɗe, ya fito idonsa ja. Ya fara da dabarunsa. Ya ce zai sayar da agogo, Gwaggo ta ce agogon da wane kuɗi aka saye shi? Ya ce zai sayi buhunan albasa ya sayar ya ci riba, ta ce da wane jarin? Ya zauna a dakali yana kallon hannuwansa, yadda ya kalle su ranar albashin farko. Lokacin bazara ne, alkama ta nuna a filayen rani, ana neman 'yan ƙwadago ko'ina. Da safe ya ajiye mota a ƙofar gida, ya ari tsohuwar riga, ya fita neman aiki.

Labarin ya riga shi isa gonaki. Wani ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wace sabuwar caca ce wannan. Wani ya ce ya zauna a inuwa kawai za a biya shi, don yana son a san shi abokin mai mota ne. Wani direba mai gona da ya taɓa shan kashi a hannunsa ya ce zai ɗauke shi, amma sai an tara mutane sun kalla. Bai tsaya wurin ko ɗaya ba. Rana ta take sai ga shi a bakin gonata.

"Yaya, sannu da aiki."

"Yawwa."

"Ƙwadago nike nema."

Na dube shi sama da ƙasa. Shekara da shekaru ina jiran ranar da yaron nan zai tsaya gabana yana roƙo, ga ta ta zo, kuma abin da yake roƙo shi ne in taimake shi ya ƙwace mini abu ɗayan da na sa rai a kansa. Na so in ce ya ɓace mini da gani. Amma in na kore shi, Inna za ta ji, kuma ni zan zama wanda ya hana. Na ɗauko lauje mafi dakushewa na jefa masa a ƙasa.

"Abin da nike ba kowa shi zan ba ka. In ka makara in yanke. In ka bar zangarniya a ƙasa in yanke."

"Na yarda."

Na ba shi gefen da ya fi nisa da inuwa, inda ƙasa ta tsage ƙaya ta yi yawa. Zafin bazara a filayen nan ba wasa ba ne, ba itace ko ɗaya, injuna sun tumɓuke su tun lokacin gyaran fili. Kafin azahar tafin hannunsa ya yi bororo. Washegari bororon ya fashe, ƙotar lauje ta yi ja. Ya yage gefen riga ya naɗe ya ci gaba. Sauran 'yan ƙwadago suna yi masa tsiya, suna cewa a raba kati mana, Alhaji, shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi, fuskar nan tasa ta wasa ya saka, ba ka gane komai a cikinta. Aikinsa bai kai rabin na kowa ba, ni kuma rabin nake biya. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi da hantsi ban ba shi ko kwabo ba. Matata ta ce, "Malam, ɗan'uwanka ne fa." Na ce na sani, ai ba a gonar wani yake ba.

Har muka gama yanka muka shiga bugu yana zuwa. Ya yi baƙi, wuyan nan ya zube, yatsun da ke cuɗa kati kamar ruwa suka kumbura ba sa lanƙwasuwa. Kullum Gwaggo tana kai wa Inna labari, kullum Inna tana cewa a dafa masa ruwan zafi da gishiri. Ni da na yi shekaru siminti yana cin kafaɗata, ba wanda ya taɓa dafa mini ko ruwan sanyi.

Ranar da abin da ya tara ya isa, na ƙirga masa na ƙarshe a bakin masussuka, ya karɓa da hannu biyu don ɗaya ba ya rufuwa.

"Na gode, Yaya."

"Kada ka gode min. Ban yi maka alfarma ba."

"Shi ya sa na zo wurinka." Ya ɗaure kuɗin a bakin riga da haƙori. "Duk wanda na je wurinsa a garin nan sai ya ƙara min, ko don tausayi ko don neman suna. In aka ƙara ko kwabo, ya zama kyauta, Inna kuwa ta ce ba kyauta ba. Na duba kaf, mutum ɗaya na sani da ba zai ƙara min komi ba ko ina mutuwa."

Wato har ƙyashin da nake yi masa ya karanta, ya ajiye, ya jira ranar da zai yi masa amfani. Alhajin Gusau ma bai sha irin cin da na sha ba.

"Yaya," in ji shi, "hularka."

Ban gyara ba. Na bar ta a ƙeya, na juya na ci gaba da ɗinke buhu.

Akoko ya saya, mafi arha a kasuwa, mai kaushi, ko fari sosai ba shi da shi. Ina tsakar gida lokacin da ya shigar wa Inna, labule a ɗage. Ta karɓa ta shafa, ta kai fuska ta shaƙa kamar turare. Sannan ta ajiye shi ta kama hannuwansa biyu, ta juya su, ta bi kowane tabo da yatsa, tana kiran sunan nan na shagwaɓa, tana kuka ba sauti. Ta ce, "Yanzu ina da abin da zan nuna in an tambaye ni kai." Na fita zaure. Gwaggo ta biyo ni ta tsaya a kaina.

"Kai ba ka gane ba? Kai ba ta da fargaba a kanka. Ko yau ta tahi ta san inda ta bar ka."

Na ce, "Gwaggo, da ni ma ta ɗan yi fargabar, ko ta yini ɗaya."

Ta juya ta koma ciki.

Inna ta rasu da ruwan farko. Mata suka yi mata wanka, aka ɗinka akokon aka sa ta. Ni da shi muka shiga kabari muka karɓe ta, ni ta wajen kai, shi ta wajen ƙafa, kuma abin da tafin hannuna ya taɓa na ƙarshe a jikin mahaifiyata shi ne kaushin yadin ƙanena.

Masu son labari mai daɗi sukan tambaye ni ko ya tuba daga nan. Ina! Ana share makoki, hannu ya warke, ya shiga motarsa. Sai dai zamanin ya juya. Turawa suka tattara suka tafi, 'yan kwangila suka bi kuɗi zuwa wasu garuruwa, rumfar bayan kanti ta zama wurin kwanan awaki. Ya bi su can, shekaru muna jin labarinsa daga bakin direbobi, yau an ce ya sayi gida a Kaduna, gobe an ce gidan ya tafi a zama ɗaya. Yatsunsa biyu ba su ƙara lanƙwasuwa daidai ba tun aikin alkama, ya ce min hakan ma ya taimake shi, don mutane suna kallon yatsun su manta da fuskarsa. Bai yi aure ba. Yakan zo da salla, ya tsaya a kan kabarin Inna, ya kawo wa 'ya'yana kaya in ce a kwashe, ya yi dariya ya kwashe.

Zuwansa na ƙarshe ba da salla ba ne. Motar haya ta sauke shi da jaka ɗaya, yana tari, ya tsufa fiye da ni da na girme shi. Na gyara masa ɗakin zaure. Matata tana dama masa fura, da nonon da na saya, yadda aka saba. Bai yi wata biyu ba, wata safiya bayan na dawo masallaci na same shi ya cika.

Maƙwabta suka taru, liman ya zo, aka ce a kawo likkafani. Wani ya buɗe jakarsa, ga kuɗi a ciki ɗaure da roba, masu yawa, ga kati sabo ko buɗe shi ba a yi ba. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa, don duk wanda ke wurin ya san inda kuɗin suka fito. Liman ya yi gyaran murya ya dube ni.

Na shiga ɗaki na jawo akwati. Yana nan a ƙasa inda na cusa shi, alawayyon nan mai laushi, ninkin ya ɗan yi rawaya, sauran fari tas. Tun bayan Inna na sa a raina nawa ne, da shi za a rufe ni, ko ba komai in tafi da abin da ta taɓa da hannunta har ta ce ya yi kyau. Na daɗe a tsugune ina riƙe da shi. Sannan na fito na miƙa wa mai ɗinki.

Da aka gama shirya shi na shiga in yi masa kallon ƙarshe. Yana kwance cikin yadin Inna, fuskar nan shiru, ba ka gane komai a cikinta. Na ce, "To, ɗan Inna, har wannan ma ka cinye." Na kai hannu na jawo hulata daga ƙeya, na kira mutane muka ɗauke shi.